Zuwaira, wadda ta dawo wa Iya da fuskar mahaifinta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin buɗe shago da safen nan yayan Zuwaira ya kira ni daga Djougou, ya ce Allah ya yi mata rasuwa. Zazzaɓi ne, bai ma daɗe da kama ta ba.

A bakin shagon na zauna, na kasa shiga.

Ga waɗanda ba su san ta ba, mai zane ce, ko talatin ba ta kai ba. Ni ce telar da ke kalmashe mata bakin yadin da take zane a kai, a nan unguwar Albarika, cikin Parakou. Daga nan muka zama ƙawaye. Ba ta taɓa zuwa Parakou hannu rabbana ba, sai ta tsaya a hanya ta sayo wa yarana wagashi, cukun Fulani.

Gida-gida take bi a Djougou tana roƙon a nuna mata tsofaffin hotuna, na kakanninmu fatake masu safarar goro. Sai ta zana su a kan babban yadi da ruwan goro da shuni.

Mu ma akwai irin hoton a gidanmu. Maza uku ne tsaye kusa da huhun goro, na tsakiyar shi ne mahaifin kakata, Iya. Gara ta cinye fuskarsa gaba ɗaya, sai rawani da kafaɗu. Iya tana ƙarama ya tafi fatauci, bai dawo ba, ba a kuma san inda kabarinsa yake ba. Duk duniya ita kaɗai ta rage da ta taɓa ganin sa.

Na kai Zuwaira wurinta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Iya, in ya yi dariya yaya fuskarsa take?"

Iya ta ce, "'Yar nan, wa ya ce miki yana dariya a gabanmu?"

"To, in ya yi fushi fa?"

Sai Iya ta fashe da dariya, bakinta ya buɗe. Ta ce girarsa ta hagu ce ke ɗagawa. Ta ce goshinsa sak na Kawu Bala, ɗanta. Aka kira Kawu, aka sa ya cire hula ya zauna, yana ta mita wai shi da kasuwar shanu ke jira an mai da shi abin kallo.

Da ta kawo zanen farko, Iya ta duba ta ce, "Kyakkyawa ne, amma ba ubana ba ne." Zuwaira ba ta ji haushi ba. Ta naɗe abinta, ta sake zama tana tambaya. Haka ta yi ta kai da kawowa har damina ta wuce, mu kuwa muna tsoron kada ƙarfin Iya ya ƙare kafin aikin.

Ranar da ta warware na ƙarshe a tsakar gida, ina wurin.

Iya ta daɗe tana kallo. Can sai ta ajiye sandarta, ta durƙusa, matar da ko salla a zaune take yi. Ta ce, "Baba, barka da hanya. Kun daɗe."

Wallahi babu wanda ya yi motsi. Kawu ya juya ya fuskanci bango.

Na sami Zuwaira a zaure. Ta ce, "Hadiza, ni ma ban san daga ina ya fito ba. Iya ce ta zana shi, ni hannu kawai na ba ta aro."

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Arzèkè ne. Tana bayan zem, wato acaba, rungume da bandir ɗin farin yadi, ta sa mai mashin ya tsaya. Ta ce akwai wata tsohuwa a garin Onklou da ke son ganin mahaifiyarta, ita ko hoto babu. Na ce ai wannan ba zai yiwu ba. Ta ce, "Za mu gwada. Tsofaffin nan ba za su jira mu ba."

Ashe ita ce za ta riga su.

Yanzu zan shiga mota zuwa Djougou, bayan azahar za a yi jana'iza. Ba a gaya wa Iya ba tukuna, an ce a jira ni.

Allah ya jiƙan Zuwaira, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya ba iyayenta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, don Allah ya sa ta a addu'a, ya kuma ambaci sunanta.