Ruwan Sanyi Kafin na Zafi

Iya Mai Wanki ta tsufa a bakin baho, ƙa'idarta kuwa ɗaya ce: maiƙo da ruwan zafi, jini da ruwan sanyi, domin zafi yakan dafa jini ya zauna cikin zare. Autanta makanike ne, saboda haka kullum tukunyarta tana kan wuta.

Wata rana da hantsi mai garejin ya kawo mata rigar aikin autan a dunƙule, ya ce, "Iya, ɗan tsautsayi ne, yana asibiti. Wannan duk baƙin mai ne."

Ta ce, "Ɗan nan, dube ni ka sake faɗa." Bai dube ta ba.

Tukunya tana tafasa, amma ta ɗebo ruwan randa, ta tsoma rigar. Baƙin mai ba ya fita a ruwan sanyi. Wannan kuwa ya fita, baho ya yi ja wur.

Ta same shi da rai, kansa naɗe da bandeji, yana tsokanarta: "Iya, ina takalmanki?" Har ta bar duniya, rigarsa ba ta ƙara shiga ruwan zafi ba sai an fara gwada ta a na sanyi.