Abin da Gwaggo Edna Ta Gani

Jawo kujera ka zauna, shayin bai huce ba tukuna. Yau labarin maƙwabcina Neville Scrimshaw zan ba ka, mutumin da ya fi kowa a ƙauyenmu na Wragthorpe sanin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da aka gama shekara goma sha biyu kafin a haife shi.

Kafet ya sayar shekara talatin da huɗu. Amma in ka gan shi ranar Asabar cikin rigar fata mai gashin tunkiya a wuya, irin ta matuƙan da, ga tabarau a goshi, sai ka rantse yanzu ya sauko daga sararin Jamus. Alhali Neville bai taɓa shiga jirgin sama ba. Sau ɗaya matarsa ta ja shi hutu Sifen, ya kai bakin matakalar jirgin, ya ƙi hawa, suka dawo gida a bas. Bayan shekara biyu ta tafi ita kaɗai, can kuma ta yi zamanta.

Iliminsa kuwa, kada ka tsokano. In wani ya yi kuskuren cewa a mashaya, "Jiya na ga wani tsohon jirgi," sai Neville ya ajiye kofi ya lumshe ido. "Farfelarsa reshe uku ce ko huɗu? Ba ka ƙirga ba? To me ka gani?" Yana taƙama wai daga mil biyar kunnensa na rarrabe ƙarar jirgin Spitfire da ta Hurricane. Wata rana ya fito a guje daga shagon aski da tawul a wuya yana duban sama, ashe injin yankan ciyawar limamin coci ne.

Yana da gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, Edna, mai shekara casa'in da bakwai. Tana 'yar shekara sha bakwai ta shiga masana'antar ƙera Lancaster, babban jirgin nan mai inji huɗu, ta yi shekara biyu da rabi tana buga ƙusoshi a fukafukansa da bindigar iska. Bindigar ta cinye mata kunnuwa. Har ta kai ko aradu ce ta faɗi a ɗakinta ba za ta waiwaya ba, sai dai idonta garau, da kanta take zura zare a allura. Neville kan zauna gabanta yana koya mata yawan ƙusoshin da ke fiffike ɗaya, ita kuma ta kalli bakinsa tana gyaɗa kai.

Da likita ya gaya mata zuciyarta ta gaji, abu ɗaya ta roƙa. "Ɗan nan, ka kai ni in ga Lancaster a sama sau ɗaya. Ina so in ga ko fukafukan nan suna riƙe har yanzu."

Guda ɗaya tak ya rage mai tashi a ƙasar nan, kuma an ce zai ratsa bikin tsohon filin jirgin da ke kusa da mu a ƙarshen Agusta. Neville ya bugi ƙirji. Ni aka roƙa in tura ta a keken guragu, na ce to.

Ka dai san 'yan tsani. Tun ƙofa ba ta buɗe ba suke layi, kowa da tsaninsa na ƙarfe a kafaɗa da kyamara mai baki kamar turmi. Suna shiga sai su jeru jikin shinge su hau, su zama katanga, na baya kuwa su sha kallon ƙeya. Kowa da gurbinsa da ya gada daga kansa, in ka taɓa shi ka taɓa gonar ubansa. Na Neville yana kusa da na abokinsa Cyril Dring, shekara ashirin ke nan.

Na samo wa Gwaggo Edna wata 'yar kafa jikin shingen, tana hango fili tas. Na zuba mata shayi daga filas. Da rana ta yi, Neville ya dubi agogo ya ce, "Sai ƙarfe biyu zai zo. Je ki sayo mana kifi da dankali, maƙwabciya, ni zan kula da ita."

Layin mai kifin ya yi tsawo. Ina ciki hadari ya fara haɗowa, sai lasifika ta ce saboda ruwa an matso da lokacin, ga jirgin nan tafe. Na waiwaya. Neville ya ja keken baya don ƙafar tsaninsa ta samu wurin zama, yana ce mata, "Minti biyu kawai, Gwaggo," kamar tana ji. Ya jibge mata jakar kyamara a cinya, ya ɗaure babbar lema a jikin keken kada yayyafi ya taɓa masa kaya, ya haye.

"Kai tsohon mai kafet," in ji Cyril daga nasa tsanin, "hannunka rawa yake yi. Gajimare za ka ɗauko mana kamar bara."

Neville ya ce, "Rufe mana baki, mai tsanin aro. Ji dai muryar jirgin! Ji!"

Na yar da layin na kutsa cikin jama'a, amma ina! Mutum dubu nawa, kowa ya kafe ya ɗaga waya. Jirgin ya zo ƙasa-ƙasa, baƙi, mai faɗi, ƙasa na girgiza. Ya ratsa sau uku, na ukun ya karkata fiffike kamar mai gaisuwa, ya nufi wani gari. Gwaggo Edna tana zaune, gabanta ƙafafun maza, samanta lema.

Neville ya sauko yana haki, idonsa har da ƙwalla. Ya tura mata kyamara a fuska. "Gwaggo, duba! Ɗari uku da sha biyu na ɗauka! Wannan ya fi gani da ido!"

Ba ta dubi kyamarar ba. Ni ta duba. "Ya wuce?"

Na gyaɗa kai.

"Na ga shayina na rawa a kofi," in ji ta, "na ce ko shi ne."

Na sunkuya daidai fuskarta na tambaye ta ko ta hango wani abu, ko da bakin fiffike ne.

"Wandon ɗan nan na gani. Ɗinkin baya ya fara buɗewa. A zamaninmu da an kori wadda ta yi wannan haɗin."

Cyril ya yi dariya har tsaninsa ya yi tangal-tangal. Neville ma ya dara, wai Gwaggo akwai barkwanci, ya ce baɗi za a sake zuwa, ya koma duba hotunansa.

A watan Nuwamba ta rasu. Ranar jana'iza Neville ya kafa ƙaton hoton jirgin kusa da akwatin gawa, da sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya miƙe cikin rigar fatarsa ya ce wa coci babu abin da ya fi sanyaya masa rai kamar cika wa gwaggonsa burinta na ƙarshe. Har da share hawaye. Ina ganin ya yarda da abin da yake faɗa, wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Jiya na hango shi ta kan shinge yana shafa wa tsanin mai, Agusta ta matso. Ya ɗago mini hannu, ban ɗaga ba. To kai da ka ji, gaya mini: in kai ne ni, za ka faɗa masa abin da ta gani, ko za ka bar shi da hotonsa?