Ruwan da Kaka Ta Roƙa

Jiya da yamma na ji maƙwabcina yana yagar salatif yana manna wa gilashin tagarsa, na san an ce taifun na tafe. Duk sanda na ji wannan ƙara sai in koma yaro a wani tsohon bene na unguwar Sanyuanli a nan China, shekarar da mahaifina ya ɗauko kakata daga ƙauye don ta kula da mahaifiyata da ta haihu.

In ba ka taɓa zama a nan ba, taifun guguwa ce da ke tasowa daga teku, da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutanen garin nan sun gaji tsoronta tun kaka da kakanni. Kakata kuwa manomiya ce, a wurinta duk abin da ya zubo daga sama rahama ne.

A daminar nan ruwa ya ɗauke can gida, a ƙauyenmu. Kullum aka bugo waya zancen ɗaya ne, gero ya naɗe ganye. Sai ta ɗauki azumi, ta duƙufa roƙon ruwa, ni kuma ta kama ni aikin amin.

"Zo nan, maigida. Miji ba cefane, ko amin ai ka iya."

Na kuwa dinga zabga amin iya ƙarfina, don na san akwai alawa a ƙarshe.

A hawan da ke ƙasanmu akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar, muna ce mata Apo, wato kaka. Ba sa jin yaren juna, amma kullum suna bakin matakala suna gyaran ganye, kowa na zuba nata surutun. In magana ta cije sai a kira ni, tunda ni ke zuwa makarantar unguwa. Ɗan Apo guda ne tak, yana aiki a jirgin dakon yashi can bakin teku wajen Nansha.

Ranar da iskar ta iso, gari ya yi duhu da rana tsaka. Aka rufe shaguna a kasuwar Canaan, mahaifina ya dawo a jiƙe yana ɗaure tagogi. Kakata kuwa guɗa ta rangaɗa. Ta jera bokitai a baranda, yana kwashewa tana mayarwa, har iska ta yi gaba da ɗaya. Ni ina tsalle a tsakar ɗaki ina cewa mu muka kawo shi. Ba zan ɓoye maka ba, murna muka yi, har da cewa Allah ya ƙaro.

Da abin ya lafa, bishiyoyi na kwance a titi, ruwa har gwiwa. Jirgin da ɗan Apo ke ciki bai dawo ba. A gida kuma ko ɗigo ba a samu ba.

Kakata ta daina cin abinci. Mahaifina ya zauna gabanta yana lallashi, ya ce, "Inna, abin nan duk shekara yake zuwa, ƙaddara ce."

"Na sani," in ji ta. "Amma na roƙa ban faɗi gari ba. Na manta ba a gida nake ba."

Da aka haƙura da neman jirgin, ta ja hannuna muka sauka. Apo na zaune a kujera, ɗakin sai warin turare da danshi. Kakata ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba, ta ce in gaya mata ita ta roƙo ruwan nan, ta yafe mata. Na faɗa, na ƙara da cewa har da ni.

Apo ta dube mu. Ta ce ranar da ɗanta zai tafi, barci ya ɗauke shi, ita ta tashe shi, ta zuba masa kunun shinkafa, ta ce ya yi sauri kada jirgi ya bar shi.

"Me ta ce?"

Na fassara. Kakata ta miƙe ta zauna kusa da ita. Babu wadda ta yafe wa wata, don kowacce ta riga ta ɗora wa kanta.

Yanzu an rushe benen, su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya. Waya ke faɗa mana inda guguwa take tun tana tsakiyar teku. Na karanta labarin guguwowin da suka share garuruwa a gaɓar Bengal da nan kudancin China, na san yadda zafin teku ke haifar da su, na kuma san ba a tuhumar bawa don ya roƙi rahama. Duk da haka nauyin bai sauka ba. Bana ma ruwa ya yi jinkiri a gida, mahaifiyata ta bugo daga can ta ce in sa su a addu'a. Na ɗaga hannu, na ambaci ƙauyen, na ambaci ƙaramar hukuma da jiha, sai na tsaya hannu a sama ina tunanin ko a can ma akwai ɗan wata a bakin rafi.