Tanti Gizela, Wadda Ba Ta Ƙirga Yara

Alfahari da yawa cuta ne, kuma ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi. Wannan cutar ce ta kama Zigu Markovici, shugaban al'ummarmu ta Yahudawa a nan bakin kogin Siret. Amma ba don shi na ɗauki alƙalami ba, don Tanti Gizela ce, wato gwaggonmu duka, wadda za ta ajiye aiki bana saboda idanu sun gaji.

Shekara goma sha huɗu, kullum da safe takan buɗe ɗan ofishin da ke bayan ɗakin ibada, ta haɗa shayi, ta ɗauki wayar ofis ta shiga shafinmu na Fesbuk. Ita ke sanar da lokacin kunna kyandir ranar Juma'a, ita ke tallar makarantar Lahadi ta yara. Sai dai ba ta taɓa sa fuskar yaro ba. Hannaye suna kitsa burodin Asabar, ko rigunan sanyin yaran a rataye a bangon aji, shi ke nan. Adadi kuwa, ko da wasa. Mu ba ma ƙirga kanmu da lamba, haka muka gada.

Da Zigu ya hau kujerar shugabanci sai ya ce wannan tsohon yayi ne.

“Tanti, makaranta muke talla ko shagon riguna? Ina fuskoki? Ina lamba?”

Ta ce, “Zigu, wanda ya ƙirga mu na ƙarshe, takarda ce a hannunsa, jirgin ƙasa yana jira a tasha ya kwashe Yahudawa zuwa sansanin mutuwa. Uwata tana cikin lissafin.”

“Haba, camfin tsofaffi! Kambun-baka bai san Fesbuk ba.”

“To, kai ne za ka nuna masa hanya.”

Wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Ya jera yaran a ƙofar makaranta, da jikokinsa biyu, ya ɗauki hoto, ya sa da hannunsa: ɗalibai ashirin da uku, kowace Lahadi ƙarfe goma. Aka yi ta yabo. Can ƙasa sai ga wani marar hoto, marar abokai, ya rubuta: “Ashirin da uku. Na gode, da ma ban sani ba.”

Lahadi da safe iyaye suka tarar da tsakuwa a jere bisa dakalin ƙofa, ƙanana, wankakku, irin waɗanda muke ɗora wa kabari. Ba wanda ya so ya ƙirga, amma kowa ya ƙirga a zuci. Ashirin da uku cif. Makwabta ba su ga kowa ba. Har yau ba mu san hannun da ya jera su ba.

Mako na gaba ajin ya zama kango.

Ke ce, Tanti, kika tsince tsakuwar a haɓar zanenki kika kai kogi. Ke ce kika goge hoton, kika bi iyaye gida gida da ƙafarki mai ciwo, aka rufe miki ƙofa kika sake komawa. Madam Roza mai kantin magani, ɗaya daga cikin iyayen, ta shaida mini kin zauna a kicin ɗinta awa biyu ba ki roƙe ta komai ba. Bayan wata uku kika sa hoton ƙusoshin bango babu riga ko ɗaya, kika rubuta: “Akwai wurin rataya.” Riguna suka fara dawowa. Nawa? Allah ya sani, mu ba ma ƙirgawa.

Mun gode, mai rufa wa zuriya asiri. Duk wanda zai gaji wayar nan, ya gaji kamewar bakinki tukuna.

Shi kuwa Zigu, tunda lissafi yake so, ga nasa na asara. Kujerar shugabanci, ɗaya. 'Yarsa, wadda ta kwashe kaya da yaranta ta koma Bukarest, babban birni, ba sallama, ɗaya. Jikoki, biyu. Ranar Juma'a kujeru uku ne babu kowa a teburinsa, shi kaɗai yake yanka burodi.