Hannu a Aljihu

A Tina Junction, inda leburori ke jiran motar ɗan kwangila da safe, wani dogon mutum yana tsaye, hannunsa na dama a aljihu. Ina hango bakin bandeji, ya yi baƙi. Hausarsa ta Nijar ce.

Wani lebura yana ce masa, "Malam, injin oga ne ya ci maka yatsu. Hakkinka ne ya kai ka asibiti."

"Ni da ba ni da takarda? Ya ce in na yi magana, zai kira 'yan imigireshan."

Wataƙila akwai yara a Maraɗi da hannun nan ke ciyarwa.

Ga motar nan, ogan da injinsa ya ci yatsun yana zaɓen masu lafiya. Gabana yana faɗuwa. Mutumin ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannun hagu, yana murmushi.