Aljihun rigar Alhaji

Shekara tara ina binciken sararin samaniya a ƙasar waje, amma duk wanda ya tambayi Baba aikina sai ya ce, "Tana can lakkol," wato makaranta. Abin yana ci mini rai. Ni ce 'yar fari, ba ya kiran sunana balle ya yabe ni, kuma na saba da wannan. So nake kawai ya san abin da na ba rayuwata. Da na zo hutu Yamai bara, na rantse ba zan hau jirgi ba sai ya gane.

Saura kwana biyu in koma, na rungumi ordinatar, wato kwamfutata, na same shi a shagonsa na ɗinki a unguwar Maourey, bayan la'asar. Salla ta matso, shadda ta cika ko'ina. Na buɗe masa hoto: gungun taurari a tsakiya, siraran layukan haske sun lanƙwasa kewaye da su.

"Baba, layukan nan hasken wasu taurari ne da ke can baya. A miƙe ya taso, sai ya bi gefen abu mai nauyi, nauyin ya karkatar da shi. Mun auna duk abin da ke haskawa a tsakiyar, bai isa ya lanƙwasa haske haka ba. Ke nan akwai wani abu jibge a wurin wanda ba ya ganuwa. Shi nake nema!"

Ni in zumuɗi ya kama ni, bakina ba ya da birki. Shi ko ƙafarsa ba ta bar keken ɗinki ba.

"Kina biɗar abin da ba ki gani ba," ya ce. "To, Allah shi taimaka."

Na rufe ordinatar da ƙarfin da bai kamata ba. Haushi ya cika ni, har ina jin hawaye.

Ana haka wani Alhaji ɗan kasuwa ya shigo gwada babbar rigarsa. Ya zura ta, ya juya gaban madubi, sai ya ɓata fuska, wai aikin ƙirjin ya karkace. Baba ya ɗaga ido daga inda yake zaune.

"Alhaji, fidda waya biyu da makullan da ka sa aljihu."

Ya fidda, haka ɗin ne cif, aikin ya koma sambal. Na yi tsalle har na zubar da kwalin zare.

"Baba! Yaya aka yi ka sani? Bayansa ya ba ka lokacin da ya sa su!"

"Mi zan gani? A miƙe na ɗinka layin, ya karkata. Yadda ya karkata shi ka gaya mini..."

Bai ƙarasa ba. Ya dube ni, ya dubi ordinatar.

"Buɗe."

Na buɗe. Ya ɗora tabarau, ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya bi layi ɗaya da ɗan yatsa a hankali, yadda yake duba ɗinkin da bai yarda da shi ba. Can ya tsaya.

"Nan ya ɗan karye. In nauyin guda ne, lanƙwasar sumul take. Wanga akwai ƙarami a gefe, kamar makulli."

Na yi ihu, mutanen titi suka waigo. 'Yar karyewar nan ita nake aiki a kai shekara uku, ina ƙoƙarin nuna cewa abin da ba ya ganuwa yana da ƙananan dunƙulaye. Na kasa ma faɗa masa, sai dariya nake ina share ido da mayafi.

Alhajin ya yi gyaran murya, ya ce saura a rage masa hannu.

Baba ya ture shaddar mutane daga kan benci, ya buɗa mini wuri kusa da shi. Ko waiwayawa bai yi ba.

"Alhaji, ka dawo gobe. Ɗiyata na nuna mini aikinta."