Akwatin Duwatsun da Ya Faɗi a Sabha

Ana idar da sallar asuba muka bar Tarabulus, babban birnin Libiya, ni da abokin aikina da direba, muka miƙi hanyar kudu. Tafiya ce mai nisa, ga shingayen bincike da suke kira bawaba, kowanne sai an juya fasfonmu gaba da baya. A wani ƙauye aka ba mu shayi mai kumfa da soyayyar gyaɗa a ciki. Abokina ya tsaya yana tambaya ko sha ake yi ko taunawa.

Aiki ne ya kai mu Sabha. Muna kwaikwayon abin da ke faruwa a cikin dutsen da man fetur yake kwance, a kwamfuta. Idan aka tura ruwa ta rijiya don ya koro man, ta ina zai bi? Gishirin cikinsa zai narkar da dutsen ne, ko zai toshe ƙananan ƙofofinsa? Kwamfuta ba ta sanin wannan sai an auna dutsen gaske, dogayen guntaye kamar taɓarya da aka yanko daga ƙasan rijiya. Wani injiniya ɗan garin ne ya yarda mu auna nasu.

An karrama mu sosai. Mun ci bazin, tuwonsu na sha'ir, da hannu, mun ci dabino har ya gundure mu. Kowa "Doktor" yake kira na, ni kuma Turanci kawai nake yi, don na lura da irin kallon da wasu ke yi wa baƙaƙen leburori.

Ranar da aka kawo duwatsun, wani dattijo ɗan Nijar ne yake sauke akwatunan. A kan idona igiyar hannun wani akwati ta tsinke, ya faɗi, dutsen da muka fi buƙata ya farfashe. Injiniyan ya hau shi da faɗa. Dattijon ya juyo gare ni, ashe ya ji ina waya da gida da Hausa.

"Malam, kai Bahaushe ne. Don Allah hwaɗa ma mudir, mai gidan nan namu, igiya ce ta katse, ba ni na saki ba."

Na ji shi sarai. Sai na sunkuya ina tattara gutsattsarin dutse kamar ba da ni yake ba. Aka sallame shi nan take. Bai sake kallona ba.

Washegari na gaya wa injiniyan gaskiya, na nuna masa igiyar. Ya ce, "To me ya hana ka faɗa jiya?"

Na tafi unguwar Mahdiya, inda leburori ke zaman jiran aiki. Ko sunansa ban sani ba, sai kwatance. Wani ya ce ya bi motar gona zuwa Wadi Bawanis, bai san wace gona ba. Na bar saƙon ban haƙuri, ban sani ba ko ya isa.

Sauran duwatsun sun ishe mu. Lissafin ya nuna ruwan da suke shirin turawa zai toshe dutsen, suka yi ta godiya.

Yanzu na dawo Zariya, kowa na yi mini barka, ni kuwa nauyi nake ji. Na tafi ina ganin ilimina ne za a gwada a Sabha. Abin da aka nema a wurina da harshen uwata magana ɗaya ce, kuma na hana dattijon nan ita.